Filin Tambayi Kawu: Kwalbar da na narka ta tsage kafin gari ya waye

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon gilashi ne ya cika mana akwati, da alama bidiyon masu hura gilashin nan da yake ta yawo a wayoyi ya shiga ƙauyuka sosai. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri amsarku tana ciki.

TAMBAYA: Salam Kawu ya aiki ya zafi. Ni ɗan gidan maƙera ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, muna ƙira kuma muna zubin tukwanen alminiyam muna kaiwa Gujungu ran Lahadi. Na ga turawa a TikTok suna ɗebo gilashi a wuta da dogon bututu suna hurawa sai ya zama kofi ko kwano, wallahi abin ya shiga raina har barci ya gagare ni. Na farfasa kwalaben lemo na zuba a kaskon da muke narka alminiyam na sa ƙanena ya yi ta zuga, ya yi laushi amma ya ƙi zama ruwa, ɗan abin da na samu na naɗo a bakin ƙarfe na ajiye, da safe na tarar ya tsage gida uku. Yanzu ina so in sai da bijimin noma ɗaya in gina babban murhu na gas, Baba yace hauka nake. Kawu ka raba mu.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗana. A maganar bijimi dai ina bayan Baba ɗari bisa ɗari, ka bar shi a turkensa damina na tafe. Amma hauka kam ba ka yi ba, wanda ya tashi a bakin zuga-zugi ai ya fi kowa haƙƙin ya yi sha'awar wannan aiki.

Bari mu fara da abin da ya faru a kaskonka. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, da ya kai nan sai ya zama ruwa tsululu ka zuba shikenan. Shi gilashi halinsa daban, a hankali yake sakin jiki, ya yi laushi, ya fara dalala, kuma masu hurawa sai tukunyarsu ta kai wajen digiri 1,100 suke iya ɗebowa, kaga wutar da ka saba da ita sai an kusa ninka ta kenan, kuma zafin da zai zauna ake so awa da awanni ba wanda zai tashi in ƙanenka ya zuga ya faɗi in hannunsa ya gaji ba. Ga kuma wani abu, gilashin kwalbar lemo an haɗa shi ne don inji, ana so ya daskare nan da nan a fitar da shi daga mazubi a saka wani, to a hannun mutum kafin ka ce me ya sandare.

Tsagewar kuma babu hannun kowa a ciki, kar ka je kana zargin maƙwabta. In ka ajiye gilashi mai zafi a iska bayansa ne yake fara hucewa ya tsuke, cikinsa kuwa da sauran zafi, sai su shiga jan juna, ƙarshe ya tsage, wani a daren, wani sai bayan sati yana kan kanta babu wanda ya taɓa shi kaji ƙas. Shi yasa duk mai wannan sana'a yake da wata tanda ta biyu da ake ajiyewa a wajen digiri 500, ana gama abu sai a tura shi ciki a rufe, a dinga rage zafin kaɗan kaɗan har gari ya waye, in abin mai kauri ne sosai ya yi kwanaki a ciki. Wannan tandar ba a cika nuna ta a bidiyo ba don babu abin kallo, ƙofa ce a rufe, amma in babu ita duk wahalarka ta tashi a banza. Sannan in ka haɗa kwalabe iri daban daban a narki ɗaya, koriya da fara da ta magani, kowacce da yadda take tsukewa in tana hucewa, nan ma tsagewa ce ko da ka sanyaya da kyau. Ka ware su, iri ɗaya wuri ɗaya.

Ita hurawar kanta, ka sake kallon bidiyon da kyau. Bututun ƙarfe ne tsawonsa ya ɗara mita ɗaya, a ɗumama bakinsa, a tsoma a tukunya ana juyawa a naɗo, a mirgina a kan teburin ƙarfe ya daidaita, sai mutum ya ɗan hura sau ɗaya ya toshe bakin bututun da babban yatsa, iskar da ta shiga ita zafi zai kumbura da kansa. Numfashin kaɗan ne ƙwarai. Aikin yana hannun hagu da yake juya bututun ba tsayawa, don in ya tsaya na ƙiftawar ido gilashin zai zubo gefe ɗaya. Hannun dama kuma yana riƙe da tsohuwar jarida da aka ninninke aka jiƙa sharkaf, da ita yake tallafar gilashin yana gyara masa siffa, tururi na tashi takardar na baƙi amma tafin hannunsa lafiya lau. Can sai wani ya zo da sandar ƙarfe mai ɗan gilashi a baki ya manna a gindin abin, a ɗiga ruwa a wuyan a ƙwanƙwasa ya rabu da bututun, a mayar wuta a buɗe bakin. Ka lura na ce wani ya zo. Da wuya kaga babban aiki da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai.

Yanzu maganar murhun gas. Irin wancan murhun ba a kashe shi da daddare, in ya kama sai ya yi watanni yana ci dare da rana, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, don in ka kashe sai ka ɗau tsawon lokaci kana tada shi kuma tukunyar narka gilashin na iya tsagewa. Kai ka san kuɗin cika ƙaramar tukunyar gas ta girki yanzu. Kuɗin bijimin zai ƙone ƙurmus kafin ka iya fitar da kofi ɗaya wanda gindinsa zai zauna daidai a faranti. Akwai wata masana'anta a ƙasar Eswatini can kudancin Afirka, Ngwenya Glass, da taimakon ƙasar Suwidin aka kafa ta a 1979 da kayan aiki da masu koyarwa da komai, duk da haka ta rufe a 1985, sai a 1987 wasu suka sake buɗe ta, kuma abin da ya riƙe su har yau shine tsofaffin kwalabe suke narkawa, wutarsu kuma da tsohon mai da aka gama amfani da shi suke hura ta, ga masu yawon buɗe ido suna zuwa saye. A Kenya ma akwai Kitengela kusa da Nairobi, su ma kwalaben bola ne jarinsu. Wato ana yi a Afirka, amma duk inda ya ɗore sai da aka fara warware maganar makamashi da maganar mai saye.

Shawarata, ka nemi izinin Baba bayan an gama girbi ka tafi Bida a jihar Neja. Akwai unguwar Masaga, gidajen masu aikin gilashi ne kaka da kakanni, su da kansu suna cewa asalinsu daga Masar suka taso. Murhunsu na yumɓu ne a ƙasa, itace suke sawa, mutum ɗaya na zuga sauran sun kewaye bakin wutar kowa da sandunan ƙarfensa, a narka gutsuren kwalba a bakin sanda ɗaya a naɗa a jikin ɗaya ana juyawa, ya fito dutsen wuya ko awarwaro, a tura cikin toka ya huce a hankali. Naɗi suke yi, kuma abin da kai ma ka gwada kenan ba tare da ka sani ba. Da can har gilashin kansa suke dafawa daga yashi da kanwa, wani baƙi mai sheƙi, kafin kwalabe su yi yawa. A 2021 hukumar UNESCO ta saka Bida cikin biranen da ta amince da su a fannin sana'o'in hannu. Ka je da ladabinka da ɗan goronka, sana'ar gida ce ba kowa suke buɗe wa ciki ba, in an ce ka yi zuga wata uku ka yi, ai ba baƙon abu ba ne a wajenka. Duwatsun jigida da na wuya da na carbi ƙanana ne, toka mai zafi ta ishe su, kuma kana da inda zaka kai ran Lahadi.

Dan Allah kuma ka kiyaye jikinka. Gilashi yana daina ja tun yana da zafin da zai cire maka fata, a ido kamar mai sanyi. Kar ka tsoma jiƙaƙƙen ƙarfe ko jiƙaƙƙiyar kwalba a narkakke, fallatsa yake. Rigar auduga zaka sa, rigar ƙwallo narkewa take ta manne a jiki. In zaka daka kwalba ka jiƙa ta ka rufe hanci, ƙurar tana lalata huhu, sannan yawan ƙura wa wutar ido yana kawo yanar ido, ka nemi tabarau na aikin.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni malamar firamare ce a wajen Gumel. Akwai wani bature mai gashi buzu-buzu da ya rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle, kullum in na gan shi a bidiyo yana tsaye ne yana nuni da hannu yara na ta fama da wuta, amma a ƙarshe sai ace aikinsa ne. Wannan ba cin gumin wasu ba ne?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, kin iya kallo. Sunansa Dale Chihuly, mutumin Amurka ne, an haife shi a garin Tacoma a 1941. Kuma da hannunsa ya fara. A 1968 ya samu tallafin karatu ya tafi Italiya ya zauna a masana'antar Venini a tsibirin Murano, wajen da tun 1291 hukumar birnin Benis ta tattara masu gilashi ta kai su can saboda tsoron gobara. A lokacin a Amurka yayin da ake yi shine kowa ya gina ɗan murhunsa ya yi aiki shi kaɗai, abin da wani malami Harvey Littleton ya faro a 1962, to shi Chihuly a Murano ya ga yadda ake aiki ƙungiya ƙungiya, babban gwani na zaune a benci, wannan na kawo masa gilashi wancan na tare masa zafi da katako wani na hurawa, ya ɗauko wannan tsari ya koma da shi gida. A 1971 shi da wasu suka kafa makarantar gilashi ta Pilchuck a jiharsu ta Washinton.

Idon kuma haɗarin mota ya yi a Ingila a 1976 ya rasa ganin idon hagu, mai ido ɗaya kuwa auna nisa yana masa wuya, ga sanda mai wuta a hannu ga mutane a gefe. A 1979 kuma ya goce kafaɗa wajen wasan ruwa a teku. Daga nan ya sauka daga benci ya koma zana abin da yake so a takarda yana tsayawa a kan masu yi.

To cin gumi ne? Ni dai a ganina a'a, matuƙar ana biyansu haƙƙinsu kuma ba a ɓoye cewa su suka hura ba, shi kuwa bai taɓa ɓoyewa ba tunda gashi har ke kin gansu a Gumel. Kamar babban magini ne a garinku, in an gama soro sai ace ginin wane ne, alhali kowa ya ga masu kwaɓa da masu miƙa tubali, abin da ake nufi shine shi ya san inda azara zata zauna kuma in ya rushe shi za a kama. Amma ban ce babu ƙura ko kaɗan ba, a 2017 wani da ya yi masa aiki ya kai shi kotu yana cewa da hannunsa a zane-zanen fenti da aka sayar da sunan Chihuly, kotu ta kori ƙarar a 2019. Ko da an kora, tambayarki tana nan daram ga duk mai yara a shago, har da telolinmu da masu ɗinkin hula da ake sa wa sunan mai kanti.

Abin da ni ya fi burge ni da shi wani abu ne daban. Shekaru aru-aru gwanintar mai hura gilashi ita ce ya fitar da abu daidai wa daida, zagaye cif, kofi goma kamar ɗaya. A 1977 shi wannan mutumin ya shiga gidan tarihi a garinsu ya ga tsofaffin kwanduna na saƙar ƴan asalin ƙasar, an jibge su wani cikin wani sun lotsa sun karkace saboda tsufa, sai yace haka yake so gilashinsa ya zama. Ya dinga hura shi siriri yana barin zafi da nauyinsa su lanƙwasa shi, a juya sanda da ƙarfi bakin ya buɗe ya yi lanƙwasa-lanƙwasa yadda ya ga dama. Abin da wani gwani zai jefar yace ya lalace shi ya mayar salonsa. Daga baya ya koma haɗa ɗaruruwa wuri guda, a 1998 ya rufe silin wani otal a Las Vegas da furannin gilashi wajen 2,000, a 2012 kuma aka buɗe gidan baje kolin aikinsa na dindindin a birnin Siyatil. Gaskiya wasu manyan ayyukan nasa ni sun cika mini ido da yawa, launi kan launi har kai ya yi ciwo, kwandunan farkon nan sun fi kwanta mini.

Kuma ki lura a garinsu ya samo abin, a kayan da kowa ke wucewa bai kalla ba. Wannan nake so ɗan maƙeran Ringim ya ji. In Allah ya sa hannunsa ya faɗa, kar ya tsaya kwaikwayon fulawar turawa, ga tandu, ga zanen ƙwarya, ga launukan faifai, ga dagi, ga kwalaben humra da na turaren wuta da babu ɗakin amaryar da za a jera babu su kuma kusan duk daga waje ake shigo da su.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Yarona ya gama sakandare a nan ƙasar Sumaila yace shi karatun gilashi zai yi a jami'a. Ni ban taɓa jin wannan ba, akwai shi kuwa, kuma ana cin abinci da shi? Sannan na ga suna yin dokuna da tsuntsaye, ina tsoron maganar mutum-mutumi.

AMSA: Alhaji ina amsawa, Allah ya raya mana su. Akwai shi, kuma ba nisa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da fasahar gilashi. Sai dai yaron ya sani yawancin karatun kimiyya ne, yashi da sinadarai da lissafin zafin tanda, in dai bai shiri da kemistiri zai sha wuya. Wajen aiki akwai kamfanonin kwalba irin su Beta Glass da ke da masana'anta a Agbara ta jihar Ogun da Ughelli ta jihar Delta, can inji ne ke hurawa mutum na kula da shi. Akwai kuma wani layi da mutane ba su cika sani ba, masu haɗawa da gyara kayan gilashin ɗakin gwaje-gwaje na makarantu da asibitoci, su a zaune suke aiki da ƙaramar wutar gas mai ƙarfi da wani gilashi na musamman mai jure zafi, ba sa buƙatar ƙaton murhu, kuma masu iya shi ba su da yawa.

Maganar siffar abu mai rai ka kai wa malaminku, ba fagena ba ne. Abin da zan iya ce maka shine sana'ar bata tsaya a kan dokuna ba. Tun wajen ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka gano hura gilashi a yankin Sham, kuma daga cikin mafi kyawun abin da aka taɓa hurawa a duniya akwai fitilun masallatan Alƙahira na ƙarni na 14, da ayoyi a rubuce a jikinsu, suna nan a gidajen tarihi. A garin Al-Khalil na Falasɗinu har gobe akwai gidajen da suke hura kofuna da tuluna da fitilu.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ƴar aji biyu ce a ƙaramar sakandare a Birnin Kudu. Wai fenti ake sa wa kwalba ta zama koriya ko ruwan ƙasa? Na kankare da wuƙa bai fita ba.

AMSA: Lafiya lau ƴata, amma a ajiye wuƙar nan haka. Launin a cikin jikin gilashin yake, tun yana narke ake zuba sinadarin. Shi yashi yawanci yana ɗauke da ɗan ƙarfe a cikinsa, shi ke sa ki ga gilashin taga fari ne amma in kin kalli gefensa sai ki ga kore-kore. Koriyar kwalbar lemo ana ƙara mata wani sinadari kuromiyam. Mai ruwan ƙasa irin ta maganin tari da ta maltina, ƙarfe ne da farar wuta da gawayi, kuma da gangan ake yinta haka don tana tare hasken rana kar ya ɓata abin da ke ciki, shi yasa ba a so a juye magani a farar kwalba a ajiye a taga. Shuɗi mai duhu daga wani sinadari kobal yake, ɗan kaɗan ya isa ya rina tukunya guda. Akwai kuma wani ja mai kyau da ake samu da zinare, eh zinaren gaske, ɗan mitsitsi ake narkawa a ciki, shi yasa irin wannan jan yake da tsada.

In kina son ki gani da idonki, ki samo kwalba koriya da mai ruwan ƙasa da fara, ki wanke, ki jera su a rana da hantsi a kan farar takarda ki duba inuwar kowacce, wadda inuwarta ta fi duhu ita ta fi tare haske. Ki nuna wa malamin kimiyyarku, kuma kar ki fasa ko ɗaya, akwai ƙannenki da ke yawo ba takalmi a tsakar gida.